A Ina Ya Kamata Hannun Gwamnati Ya Tsaya?

TAMBAYA

Malam, ni ɗalibi ne, idan babu karatu kuma ina taya mahaifina zama a rumfarsa ta hatsi. Kwanaki wani abokina ya nuna mini bidiyon shugaban ƙasar Ajantina yana ɗaga injin yankan itace a gaban taro, wai haka zai yi wa gwamnati. Ya ce mini mutumin ɗan ra'ayin libatariyan ne, kuma a wajensu haraji sata ne, gwamnati ba ta da hurumin hana mutum komai. Tun daga ranar ya kafe a kan cewa wannan ne maganin halin da muke ciki. Ni kuwa idan na dubi yawan masu zuwa rumfarmu da rasit, wannan na kaza, wancan na kaza, sai in ji kamar yana da gaskiya. Amma da na ji an ce sun yarda kowa ya sha abin da ya ga dama, sai jikina ya yi sanyi. Don Allah Malam, su wane ne mutanen nan, me suke cewa, kuma mai addini zai iya bin su?

Daga wani ɗalibi, Kano.

AMSA

Ɗana, Allah ya yi wa karatu da kasuwa albarka. Abokinka ya kamo zancen ne ta wutsiya. Maganar haraji da ta shaye-shaye daga baya suke zuwa, akwai abin da ke gabansu.

Abin da ke gabansu wata lura ce guda ɗaya. A cikin duk waɗanda kake hulɗa da su, gwamnati ce kaɗai aka yarje wa ta tilasta maka. Mai rumfa ba shi da ikon sa ka sayi geronsa. Malami zai yi maka wa'azi, ka ɗauka ko ka bari. Ita kuwa doka, komai ƙanƙantarta, idan ka bi sawunta za ka tarar da tara, bayan tara ɗan sanda, bayan ɗan sanda gidan yari. Masu wannan ra'ayi suka ce tun da haka abin yake, duk sa'ar da hukuma za ta hana mutum wani abu, ko ta karɓi wani abu daga hannunsa, ita ce za ta kawo hujja. Wanda zai buɗe shago, ko ya faɗi ra'ayinsa, ko ya tashi daga wannan gari ya koma wancan, ba sai ya gamsar da kowa ba tukuna. Mai son tare shi ne ke da aikin bayani. Hujjar da suke karɓa kuwa kusan guda ce: a nuna cewa abin da mutumin zai yi zai cuci wani.

A Ingila da Amurka ra'ayin ya girma. John Locke ya fitar da littafinsa a 1689, shekara guda bayan mutanen Ingila sun kori Sarki James na Biyu, yana cewa ran mutum da 'yancinsa da dukiyarsa sun riga sarauta zuwa, kuma an naɗa mai mulki ne don ya tsare su, idan ya koma cin su ya warware alkawari da kansa. Waɗanda suka rubuta shelar 'yancin kan Amurka a 1776 daga nan suka ɗebo. A 1859 John Stuart Mill ya ja layin da har yau ake gardama a kansa, cewa ba a yi wa baligi mai hankali dole sai don a kare wasu daga cutarsa. Sai Friedrich Hayek, mutumin Ostiriya mai koyarwa a Landan, wanda a 1944, ana tsakiyar yaƙin duniya, ya yi gargaɗin cewa gwamnatin da ta riƙe duk hanyoyin cin abinci ta riƙe bakin mutane ke nan, domin wanda ba shi da wani wurin neman aiki sai wajenta ba zai iya ce mata a'a ba. A Amurka sun kafa jam'iyya a 1971, amma a akwatin zaɓe ba su taɓa yin kataɓus ba: mafi yawan abin da ɗan takararsu na shugaban ƙasa ya samu shi ne kimanin kashi 3 cikin ɗari a 2016. Ƙarfinsu yana jami'o'i da kotuna da cibiyoyin bincike irin su Cato, wadda aka kafa a 1977.

Su ma bakinsu ba ɗaya ba ne, kuma nan ne abokinka ya yi maka kuɗin goro. Mai cewa haraji sata ne tsagwaronta shi ne Murray Rothbard da almajiransa, waɗanda ke ganin ko 'yan sanda da kotuna ma kamfanoni za su iya gudanar da su, mutum ya biya wanda ya yarda da shi. Robert Nozick na jami'ar Harvard bai kai can ba. A littafinsa na 1974 ya amince da ƙaramar gwamnati mai aiki ƙididdigagge: ta hana kisa da duka, ta hana sata da zamba, ta sa a cika yarjejeniya. Abin da ya wuce haka, in ji shi, shiga haƙƙin mutane ne. Hayek da Milton Friedman sun fi sassauci. Hayek ya yarda ƙasa mai wadata ta tabbatar babu wanda ya rasa abinci da sutura da matsuguni, Friedman kuma ya kawo shawarar a riƙa ba matalauta kuɗi a hannu ta hanyar tsarin haraji.

Kada kuma ka ɗauka kuɗi ne kaɗai damuwarsu. Friedman yana cikin kwamitin da ya ba Shugaba Nixon shawarar a daina kwasar samari aikin soja na dole, aka kuwa daina a 1973. Ron Paul, ɗan majalisa daga Texas, ya ƙi jefa ƙuri'a ga dokar leƙen asiri da aka yi cikin gaggawa bayan harin Satumban 2001, ya kuma ƙi amincewa da yaƙin Iraki, a lokacin da faɗin haka ke jawo wa mutum baƙin jini a jam'iyyarsa.

Idan kana son ganin ra'ayin yana aiki, ga wata shari'a. A 1997 wata ma'aikaciyar lafiya mai suna Susette Kelo ta sayi wani ɗan tsohon gida a unguwar Fort Trumbull da ke garin New London, jihar Connecticut. Gidan yana kallon ruwa. Ta gyara shi, ta shafa masa fenti ruwan hoda. Shekara na zagayowa kamfanin magunguna na Pfizer ya sanar zai gina cibiyar bincike a maƙwabtansu, sai hukumomin gari suka tsara a share unguwar a ba masu gine-gine, su yi otal da ofisoshi da gidajen masu hali. Wasu suka sayar. Ita da wasu maƙwabta suka ce ba na sayarwa ba ne. Cikinsu har da wata tsohuwa da aka haifa a cikin gidanta a 1918, ba ta taɓa zama a wani wuri ba. Kundin tsarin mulkin Amurka ya yarda gwamnati ta karɓi fili don amfanin jama'a idan ta biya diyya, kuma abin da kowa ya sani da wannan shi ne hanya ko makaranta ko asibiti. A nan kuwa hujjar gari ita ce sababbin masu wurin za su fi biyan haraji, su kawo ayyuka. Lauyoyin wata ƙungiya mai ra'ayin libatariyan suka ɗauki shari'ar har Kotun Ƙoli, a watan Yunin 2005 aka kayar da su, alƙalai 5 suka goyi bayan gari, 4 suka ƙi. Mai shari'a Sandra Day O'Connor, ɗaya daga cikin huɗun, ta yi gargaɗin cewa masu faɗa a ji da manyan kamfanoni ne za su ci moriyar wannan hukunci, a kan marasa galihu. Aka rushe unguwar. Gidan ruwan hodan aka kwance shi aka kafa a wani wuri. A 2009 kamfanin ya sanar zai bar garin, filin kuma ya shekara da shekaru fayau, sai ciyawa. Amma hayaniyar da ta biyo baya ta sa jihohi sama da 40 suka gyara dokokinsu na karɓar fili.

Ni a wannan shari'a ina tare da su ɗari bisa ɗari. Wanda ke zaune a Najeriya, ƙasar da dokar 1978 ta damƙa dukkan filayen jiha a hannun gwamna, da ikon soke takardar mutum da sunan maslahar jama'a, ya kamata ya fi kowa fahimtar dalili.

Akwai wata hujja tasu da mahaifinka zai gane kafin ɗan boko ya gane. Hayek ya bayyana a 1945 cewa ilimin da ake bukata don tafiyar da kasuwa a warwatse yake a kawunan mutane masu ɗimbin yawa, babu ofishin da zai iya tattara shi. Mahaifinka yakan san ruwa ya yi gardama a wani yanki tun kafin rahoto ya isa teburin babban sakatare. Ya ga motocin da suka saba zuwa ba su zo ba, ya ji abin da dillalai ke faɗa, kuɗin buhu ya motsa. Wannan motsin shi ke gaya wa manomi ya ƙara shuka, ya gaya wa mai mota inda zai kai kaya, ya gaya wa uwargida ta haɗa da dawa. Idan hukuma ta daskarar da farashi, saƙon ba ya isa ga kowa.

Mun ɗanɗana wannan a gida. A ƙarshen shekarun 1940 Turawan mulkin mallaka suka kafa hukumomin sayen amfanin gona, ta gyada a 1949. Manomi zai loda wa jakinsa gyada ya kai wurin awo, a ɗora a sikeli, wakili mai lasisi ya biya shi kuɗin da hukuma ta yanke tun farkon kaka. Babu tayi, babu albarka, babu kuma wani mai fitar da ita waje sai hukumar. An ce an yi haka ne don a kare manomi daga hawa da saukar farashin duniya. Peter Bauer, masanin tattalin arziki wanda masu wannan ra'ayi ke ji da shi, ya zo ya yi nazarin kasuwancin Najeriya da Gana ta lokacin, ya nuna a littafinsa na 1954 cewa hukumomin suna riƙe kaso mai tsoka na kuɗin da ya kamata ya shiga aljihun manomi. Gwamnatocinmu na bayan 'yancin kai suka gaji tsarin suka ci gaba da shi. Gaskiya ne an gina makarantu da hanyoyi da wani ɓangare na kuɗin. Amma harajin nan babu wanda ya kira shi haraji, kuma a wuyan mafi talauci ya faɗa. Sai a 1986 aka rushe hukumomin. Idan ka ga hoton dalar gyadar Kano ta shekarun nan, ka tuna kowane buhu an saye shi ne a farashin da mai noma shi ba shi da ta cewa a kai.

Yanzu ga tambayarka ta addini. Taƙaita hannun mai mulki ba baƙon abu ba ne a wajen Musulmi. Ya zo a hadisin Anas cewa kaya sun yi tsada a Madina, mutane suka roƙi Manzon Allah (SAW) ya ƙayyade farashi, bai yi ba, ya nuna tsoron kada ya zalunci wani a dukiyarsa. Alƙur'ani ya hana bin diddigin asirin mutane da shiga gidajensu ba izini. Ibn Khaldun a 1377 ya yi bayanin yadda daula kan fara da sassauƙan haraji tana tara kuɗi da yawa, ta ƙare da haraji mai nauyi tana tara kaɗan, har Shugaba Reagan na Amurka ya kafa hujja da shi a 1981. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo kuma a Kitabul Farƙ ya jera jangali da kuɗin gari da gaisuwa cikin hanyoyin da sarakunan zamaninsa ke cin dukiyar talakawa. Har nan hanya ɗaya ce.

Inda aka rabu shi ne a kan wa ya mallaki mutum. Rothbard da Nozick sun gina komai a kan cewa mutum mallakin kansa ne, jikinsa da guminsa nasa ne shi kaɗai. Musulmi da Kirista ba su ce haka ba. A wajensu rai da jiki da dukiya amana ne. Locke kansa ya ce mutane na Mahaliccinsu ne, shi ya sa babu wanda ke da ikon halaka kansa. Zakka haƙƙin talaka ce a cikin dukiyar mai dukiya, hukuma ke karɓarta, kuma Sayyidina Abubakar ya yaƙi waɗanda suka hana ta. Malamai irin su Ibn Taimiyya sun halatta wa shugaba ƙayyade farashi idan 'yan kasuwa suka ɓoye abinci ko suka haɗa baki. Saboda haka mai addini zai iya tafiya da su nesa a kan zaluncin masu mulki, amma ba zai iya ɗaukar harsashin nasu dungurungum ba.

Game da shaye-shaye, adalci shi ne a faɗi cewa ba su ce giya ko ƙwaya abin kirki ba ne. Sun raba tsakanin zunubi da laifin da ɗan sanda zai shiga. Suna kafa hujja da abin da ya faru a Amurka daga 1920 zuwa 1933, lokacin da aka haramta sayar da giya: mashaya ba su daina ba, cinikin ya koma hannun 'yan daba irin su Al Capone na Chicago, rashawa ta cika 'yan sanda, daga ƙarshe aka soke dokar. Wannan darasi ne game da iyakar abin da sanda ke iya gyarawa, kuma ya cancanci a saurare shi. Abin da ban yarda da shi ba shi ne cewa mashayi kansa kaɗai yake cuta. Duk wanda ya taɓa zama a gidan da ɗa ya faɗa shan ƙwaya ya ga uwar da ba ta barci, ya ga kayan ɗaki suna ɓacewa ɗaya bayan ɗaya, ya ga ƙannen da suka daina gayyato ƙawaye.

Matsalar ma ta wuce nan. Layin Mill yana da sauƙin ja idan mutum ɗaya ya mari wani. To idan cutar ba ta da mai ita fa? A watan Disambar 1952 sanyi ya matsa a Landan, kowane gida ya hura kwal a murhunsa, iska ta tsaya cik. Hayaƙin ya haɗu da hazo ya rufe birnin kwana biyar, har kwandastoci suna tafiya a gaban motocin safa da fitila don direba ya ga hanya. Ƙididdigar farko ta ce mutum 4,000 ne suka mutu, binciken baya ya kai adadin wajen 12,000. Wa za a kai ƙara? Kowa a gidansa yake, da kwal ɗin da ya saya da kuɗinsa. Doka ce ta 1956 ta fara raba birnin da wannan annoba, ta hanyar shiga har cikin murhun mutane. Haka kuma a jihohin kudancin ƙasar Amurka a zamanin wariya, lokacin da baƙar fata ba ya iya zama ya ci abinci a shagon Bature. 'Yan libatariyan sukan tunatar cewa dokokin wariyar gwamnatocin jihohi ne suka yi su, kuma gaskiyarsu ce. Amma da aka zo dokar 1964 mai hana masu otal da gidajen abinci nuna wariya, Sanata Barry Goldwater, gwarzon da yawa daga cikinsu, ya ƙi ta, yana ganin an taɓa 'yancin mai shago. Ni ban ga yadda 'yancin mai shago na kora zai rinjayi mutuncin mutumin da gari guda ya haɗu ya rufe wa ƙofa ba.

Babban saɓanina yana wajen Rothbard. Shi yana ganin idan gwamnati ta kau, tilas ya kau. Mu mun ga abin da ke biyo baya. A wasu ƙauyukan Zamfara da Katsina da Sakkwato manoma sun tara kuɗi sun kai wa 'yan bindiga kafin a bar su su yi shuka, suka sake tarawa kafin a bar su su girbe. Can babu lasisi, babu mai duba awo, babu mai rasit. Harajin yana nan, mai karɓa ne ya sauya, kuma wannan ba a kai shi kotu, ba a kayar da shi a zaɓe. Mai ƙarfi ba ya rasuwa a cikin mutane. Abin da za a nema shi ne mai ƙarfin da aka ɗaure da doka.

A nan Nozick ya fi yi mana amfani. Ko a ma'auninsa, wanda ya fi na kowa tsuke aikin hukuma, bashin farko da ke kanta shi ne ta tsare rai da dukiya, ta kuma samar da alƙalin da talaka zai je gabansa ya sami haƙƙinsa. Hukumar da za ta iya aika mutum biyar rumfa ɗaya karɓar kuɗi, amma ta kasa aika ko ɗaya ƙauyen da ake kwasar mutane, ta yi yawa a inda ba a bukatarta, ta kuma yi ƙaranci a inda ba a iya yi sai da ita. Maganin wannan bai tsaya ga ragewa ba. Wani wuri a janye hannu, wani wuri a ƙara shi. Ku kuma a kasuwa haƙƙinku ne, ta bakin ƙungiyarku, ku tambayi wace doka ce ta ɗora kowane kuɗi, wane asusu yake shiga, me aka yi da na bara. Tambayar nan ba rashin kunya ba ce, kuma ita ce mafi kyawun abin da za ka koya daga mutanen nan.

Shi kuwa Javier Milei, shugaban Ajantinan da ka gani a bidiyo, ya hau mulki a Disambar 2023, shekarar da farashin kaya a Ajantina ya tashi da kashi 211 cikin ɗari. Ya rage ma'aikatu daga 18 zuwa 9, ya datse kashe kuɗin gwamnati, ya karya darajar kuɗin ƙasar. Hauhawar farashi ta sauko zuwa kimanin kashi 118 a 2024, kasafi ya daina giɓi. A watanni shidan farko na shekarar talauci ya haura kashi 52 cikin ɗari, sannan ya sauko zuwa wajen 38 a na biyun. Masu yabonsa da masu sukarsa kowa yana da lambar da zai nuna. Ka kuma lura cewa shi da ke kiran kansa almajirin Rothbard bai rushe 'yan sanda ko kotu ba. Cutar Ajantina ita ce gwamnatin da ta daɗe tana buga kuɗi don biyan abin da ba ta da shi, kuma ba a ɗaukar maganin wani a sha sai an tabbatar ciwon iri ɗaya ne.

Idan za ka zurfafa, kada ka karanta Nozick shi kaɗai. Ya rubuta littafinsa ne yana mayar da martani ga abokin aikinsa John Rawls, wanda a 1971 ya nemi mutum ya tsara dokokin ƙasa kamar bai san ko ɗan attajiri za a haife shi ko ɗan mai gadi ba. Ka ji ta bakin su biyun, kai da abokin naka, kafin ku ɗauki gefe. Ka gaida mini mahaifinka, Allah ya ba da kasuwa.